Kirsimeti A Maraɗi: Yadda Majami'u Ke Tarbar Baƙon Da Bai Taɓa Shiga Coci Ba

A ƙarshen watan Disamba, lokacin da hunturu ya kankama kuma an gama kai gero da wake rumbu, ƙauyukan ƙaramar hukumar Sarkin Yamma da ke gundumar Madarunfa a jihar Maraɗi kan fara yin shiru. Samari sun ɗaure kaya sun tafi cirani. Wasu a Maraɗi suke tsayawa su yi kabu-kabu ko dako a kasuwa, wasu sai Kano, Legas, Abijan ko Agadas. 'Yan makaranta kuwa lokacin suke dawowa gida hutun ƙarshen shekara.

A irin wannan lokaci ne wata gayyata kan zo wa matashi ba tare da ya yi tsammaninta ba. Abokin aikinsa, ko wanda suka yi aji ɗaya a makaranta, ko maigidan da yake yi wa aiki a birni, sai ya ce masa gobe sallarsu ce, ya zo coci ya gani, daga nan su wuce gida cin shinkafa.

Ga wanda ya tashi a garin da kusan kowa Musulmi ne, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Me zai tarar a ciki? Za a tilasta masa yin wani abu da ya saɓa wa addininsa? Idan wani ya gan shi ya kai labari gida fa?

Shi ma mai gayyatar yana da nasa lissafin. A jihar da aka taɓa ƙona majami'u fiye da sau ɗaya, baƙuwar fuska a bakin ƙofar coci ranar Kirsimeti abin farin ciki ce, kuma abin a sa ido ce. Yadda majami'un yankin Maraɗi ke haɗa waɗannan abubuwa biyu shi ne abin da wannan rahoto ya duba.

Tsiraru masu dogon tarihi

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa sama da kashi 99 cikin 100 na mutanen Nijar Musulmi ne, Kiristoci kuwa ba su kai kashi ɗaya ba. Duk da haka ranar 25 ga Disamba ranar hutu ce a hukumance a faɗin ƙasar, haka ma Litinin ta bayan Ista.

Yankin Maraɗi na cikin wuraren da Kiristanci ya fi daɗewa a tsakanin Hausawan Nijar. Ƙungiyar mishan ta SIM, wadda a da ake kira Sudan Interior Mission, ta fara aiki a Damagaram a 1924, sannan kafin ƙarshen shekarun 1920 ta kafa tasha a Tsibiri, mazaunin sarautar Gobir da ke daf da Maraɗi. Daga nan aikin ya bazu zuwa cikin birnin da ƙauyukan da ke kewaye.

Akasarin mutanen karkara ba ta hanyar wa'azi suka fara sanin 'yan mishan ba, ta hanyar magani ne. An buɗe asibitin Galmi a jihar Tawa a 1950, sai kuma cibiyar kula da masu cutar kuturta ta Danja, kudu da Maraɗi, a 1956. A 2012 aka ƙara sashen yi wa mata masu yoyon fitsari aiki a Danjan. Da wuya a samu ƙauye a Madarunfa da babu wanda ya taɓa kai mara lafiya can. Haka kuma a ƙarƙashin wani shirin noma na SIM ne Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostireliya, ya fara yaɗa dabarar barin kututturen itatuwa su sake tofo a gonaki tun daga 1983, abin da manoman yankin ke kira sassaben zamani.

Daga cikin wannan aiki ne Ikilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar, wato EERN, ta fito a farkon shekarun 1960. A ɓangaren Katolika kuma, an kafa dayosis ɗin Maraɗi a 2001, inda Ambroise Ouédraogo ɗan asalin Burkina Faso ya zama bishop na farko. Dayosis ɗin ya haɗa jihohin Maraɗi, Tawa, Damagaram, Diffa da Agadas, kuma babbar majami'arsa ita ce Notre-Dame de Lourdes da ke Maraɗi. Baya ga waɗannan akwai Assemblies of God da sauran majami'un Fentikos.

Masaniyar tarihi Barbara Cooper ta Amurka, wadda ta wallafa littafi a 2006 kan Kiristocin bishara na wannan yanki mai suna Evangelical Christians in the Muslim Sahel, ta nuna cewa da yawansu Hausawa ne haifaffun wurin, masu dangi Musulmi. Wato dai baƙon da zai shiga coci a Maraɗi, sau da yawa zai tarar da mutanen da suke magana da karin harshensa, suna sa babbar riga da hula irin ta babansa.

Su wane ne baƙin?

Ba duk baƙon Kirsimeti ne Musulmi ba. Hasali ma mafi yawansu Kiristoci ne da suka zo daga wani wuri: malamin makaranta ko ma'aikacin jinya da gwamnati ta turo aiki ƙauye, soja ko jandarma da aka kawo saboda tsaron iyaka, ɗan kasuwa daga Benin, Togo ko kudancin Najeriya da biki ya riske shi a hanya. Irin wannan baƙo ya san tsarin sujada, abin da ya rasa shi ne mutane. Yana iya zama bai jin Hausa sosai, kuma shi kaɗai zai koma ɗaki bayan an tashi.

Akwai kuma 'ya'yan gidan Kiristoci da suka daɗe da daina zuwa, waɗanda sai Kirsimeti ko Ista suke leƙowa. Su kunya ce ke damunsu, domin sun san dattijan da za su tambaye su ina suka shiga.

Sai maƙwabci Musulmi da ya zo don zumunci, ko mai unguwa da jami'an gwamnati da suka zo gaisuwar ban girma. Wannan bai zo neman sauya addini ba, kuma idan aka yi masa kallon wanda ya zo don haka, an ɓata ziyarar tun kafin ta fara.

Rukuni na ƙarshe shi ne mafi wuyar sha'ani: mutumin da ya zo shi kaɗai, ba wanda ya gayyace shi, yana son ya ji da kunnensa, kuma ba ya so danginsa su sani. Shi ne kan zauna a bencin baya, ya fice kafin a yi addu'ar rufewa.

Duka huɗun ta ƙofa ɗaya suke shiga, a safiya ɗaya, cikin cunkoson da ya fi na kowace Lahadi. Mai tarbar baƙi da ke tsaye a ƙofa yana da 'yan daƙiƙu ne kawai ya gane wane ne a gabansa.

Abin da baƙo zai tarar a ciki

Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Abu na farko da kan ruɗa wanda ya saba da masallaci shi ne takalmi: a mafi yawan majami'u ba a cirewa. Ana zama ne a kan benci ko kujeru. A majami'un karkara da dama maza na zama gefe guda, mata da yara gefe guda, kuma matan na ɗaura kallabi. A wasu na birni kuwa iyali kan zauna tare.

Abu na biyu shi ne harshe. A majami'un da suka samo asali daga SIM, akasari da Hausa ake sujada, ana karatu daga Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda aka fara buga shi cikakke a 1932, aka kuma sake gyara fassararsa daga baya. A manyan majami'un birni akan yi Faransanci da Hausa, mai wa'azi na magana tafinta na juyawa. Baƙo zai ji kalmomin da ya sani, irin su Allah, annabi, mala'ika, addu'a, zunubi da sujada, sai dai wasunsu ma'anarsu ta ɗan bambanta. Sujada a nan tana nufin dukan zaman ibadar. Zai kuma ji ana cewa Yesu Almasihu, wasu tsofaffi kuma su ce Isa.

Waƙa ce ke cin kaso mai yawa na lokacin. Ƙungiyar mawaƙa za ta yi, matasa za su yi, yaran makarantar Lahadi kan yi haddar ayoyi ko ɗan wasan kwaikwayo na labarin haihuwar Almasihu. Sai Zumuntar Mata, ƙungiyar matan aure, waɗanda kan fito cikin anko suna waƙa da kiɗan tulu da caki. Sujadar Kirsimeti tana iya kai awa uku, don haka ya kamata mai gayyata ya faɗa wa baƙonsa tun daga gida, kada azahar ta yi masa yana tsakiyar benci yana jin nauyin tashi.

Akwai wurare biyu da baƙo kan rasa yadda zai yi. Na farko lokacin baiko, inda ake zagayawa da kwando ko jaka, ko kuma jama'a su taso layi-layi su kai gaba. Ba dole ba ne ga baƙo, kuma zai iya zamansa. Na biyu shi ne Jibin Ubangiji, inda ake raba gurasa da abin sha. Wannan na waɗanda aka yi wa baftisma ne. A cocin Katolika ma sai ɗan ɗarikar da ya cika sharuɗɗa yake karɓa. Wanda bai karɓa ba bai yi laifi ba, bin ƙa'ida ya yi.

'Yan Katolika sukan yi babbar addu'arsu tun daren 24 ga wata, sannan a sake taruwa da safe. Akwai durƙuso da miƙewa da alamar gicciye da ake yi da hannu. Baƙo na iya miƙewa idan an miƙe don girmamawa, ya zauna idan an durƙusa, babu mai cewa don me.

Duk waɗannan abubuwa ne da mutum ɗaya zai iya yi wa baƙo bayaninsu cikin minti biyar a bakin ƙofa. Majami'ar da ta ware wa baƙo wanda zai zauna kusa da shi, ya buɗe masa shafin da ake karantawa, ya raɗa masa abin da ke tafe, ta riga ta yi rabin aikin.

"Baƙi su miƙe tsaye"

Kusan kowace majami'ar bishara a ƙasar Hausa tana da wannan al'ada. Lokacin sanarwa, sakatare ko wani dattijo zai ce duk wanda yau ce ranarsa ta farko ya miƙe. Baƙo zai faɗi sunansa da garinsu da ikilisiyar da ya fito, a tafa masa, a yi masa waƙar maraba, na kusa da shi su miƙa masa hannu.

Ga malamin makarantar da aka turo daga Doso ko ɗan kasuwar da ya zo daga Kwatano, wannan alheri ne. Kafin a tashi ya samu wanda zai kai shi gida cin abinci, wataƙila ma ya samu ɗan garinsu.

Sai dai ga maƙwabci Musulmi, da kuma wanda ya zo a ɓoye, al'adar na iya zama tarko. A da, abin da ya faru a cikin coci a nan yake tsayawa. Yanzu kuwa kusan kowane matashi na riƙe da waya, wasu majami'un birni ma kai tsaye suke watsa sujadarsu a Facebook. Hoto ɗaya ya isa ya bar Maraɗi da hantsi, kafin la'asar ya shiga zauren WhatsApp na 'yan ƙauyensu, ba tare da wani bayani ba. Wanda ya je cika alkawarin aboki sai ya wayi gari ana cewa ya yi ridda. Idan mace ce abin ya fi muni, domin yana iya taɓa aurenta ko neman aurenta.

Abin da ya fi tsare mutuncin kowa shi ne a mayar da miƙewar zaɓi. Mai sanarwa ya yi wa dukan baƙi maraba a dunƙule, ya ce wanda yake so ya gabatar da kansa bismillah, wanda ba ya so an gode da zuwansa. Mai ɗaukar hoto ya fuskanci mimbari da mawaƙa, ya bar bencin jama'a. Katin da ake ba baƙi su rubuta suna da lambar waya kada a matsa wa kowa a kansa, kuma kada a kira mutum ko a je gidansa sai da izininsa.

Mai wa'azi ma yana da nasa rabon. Ranar da ya san akwai baƙi Musulmi a gabansa ba ranar gugar zana ba ce. Zai iya faɗin abin da ya gaskata game da haihuwar Almasihu ba tare da ya taɓa abin da baƙonsa ke girmamawa ba. Littafin da yake wa'azi da shi ma ya yi maganar baƙi: sura ta 13 ta Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta yi umarni da karɓarsu, sura ta 2 ta Wasiƙar Yakubu kuma ta tsawata wa masu ba mai kuɗi wurin zama mai kyau su bar talaka a tsaye. Ɗan ciranin da ya shigo da silifa da rigar aiki yana cikin waɗanda wannan gargaɗi ya shafa.

Ƙofa a buɗe, ido a buɗe

Ba za a fahimci dalilin da ya sa ake tsayar da baƙo a ƙofa a tambaye shi ba sai an waiwayi abin da ya faru.

A watan Nuwamban 2000, zanga-zangar adawa da bikin nuna tufafi na FIMA da aka shirya a Yamai ta rikiɗe ta zama tarzoma a Maraɗi. An far wa mashaya da gidajen mata masu zaman kansu, aka kuma kai hari majami'ar Vie Abondante da harabar SIM.

A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, bayan mujallar Charlie Hebdo ta Faransa ta sake buga zanen ɓatanci ga Manzon Allah (SAW), tarzoma ta ɓarke a Damagaram da Yamai. Mutum 10 suka mutu, kuma 'yan sanda sun ce an ƙona majami'u 45 a Yamai kaɗai. Kiristocin Nijar ba su da hannu a abin da wata mujalla ta buga a Paris, amma su suka biya.

Sai kuma tsakiyar watan Yunin 2019, lokacin da aka kama wani limami a Maraɗi bayan ya soki daftarin dokar tsara harkokin ibada. Masu zanga-zanga sun cinna wa majami'ar Assemblies of God da ke unguwar Zariya wuta, suka ƙona motar faston. An saki limamin daga baya, shi ma ya yi kira da a kwantar da hankali, majalisar dokoki kuma ta amince da dokar ranar 17 ga watan.

A tsallaken iyaka ma akwai abin tunawa. Harin bam da aka kai cocin Katolika na St. Theresa da ke Madalla kusa da Abuja ranar Kirsimetin 2011 ya kashe fiye da mutum 30. Tun daga lokacin binciken jaka da hana ajiye mota kusa da ƙofa suka zama ruwan dare a majami'un arewacin Najeriya.

A kan wannan kuma aka ƙara matsalar 'yan bindiga. Gundumomin Madarunfa da Gidan Rumji suna iyaka da Najeriya ta ɓangaren da ta'asar ta fi ƙamari, kuma tun 2019 dubun-dubatar mutane daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suka tsallako jihar Maraɗi neman mafaka. Satar shanu da garkuwa da mutane ba su tambayar addinin kowa, sai dai sun sa duk wani taron jama'a, ko a masallaci ko a coci ko a kasuwa, yana taka-tsantsan da fuskar da ba a sani ba.

To ta yaya za a yi bincike ba tare da an wulaƙanta mutum ba? Amsar ba ta da nisa da abin da kowane Bahaushe ya sani a zauren gidansu. Gaisuwa ce ke gaba: sannu da zuwa, an zo lafiya, daga ina, wurin wa aka zo? Tambayoyin da mai tsaro zai yi da ɗaure fuska su ne dai dattijo zai yi da fara'a, kuma amsa ɗaya za su samu. Idan za a duba jaka a duba ta kowa, har da ta matar fasto, don kada baƙo ya ga shi kaɗai aka ware. Wanda ya gayyaci mutum kuma ya jira shi a waje su shiga tare, kada ya bar shi yana rarraba ido a gaban matasan da ke gadi. Shimfiɗar fuska, in ji masu iya magana, ta fi ta tabarma.

Me malamai ke cewa?

Matashi Musulmi da aka gayyata zai so ya san matsayin addininsa, kuma a nan malamai sun saɓa. Manyan malaman Saudiyya irin su Sheikh Ibn Usaimin sun hana taya waɗanda ba Musulmi ba murnar bukukuwan addininsu, balle halarta, kuma wannan ra'ayi yana da mabiya da yawa a Maraɗi da arewacin Najeriya. Hukumar fatawa ta Masar da jami'ar Azhar kuwa sun halatta gaisuwar a matsayin kyautata maƙwabtaka, har Shehun Azhar, Ahmad al-Tayyib, kan kai wa shugaban Kibɗawan Masar ziyarar taya murna. Shi ne kuma ya sanya hannu tare da Fafaroma Francis kan takardar 'yan uwantakar bil'adama a Abu Dhabi ranar 4 ga Fabrairun 2019.

Masu ganin halaccin ziyara kan kafa hujja da yadda Sarki Najjashi na Habasha, wanda Kirista ne a lokacin, ya karɓi sahabban da suka yi hijira, da kuma yadda littattafan sira suka ruwaito an sauki tawagar Kiristocin Najran a Madina. Masu hanawa kuma na cewa kyautata wa maƙwabci daban, halartar ibadarsa daban.

A Kaduna, garin da ya sha rikicin addini, an daɗe ana gwada wata hanya. Shekara da shekaru Musulmi maza da mata, ciki har da malamai, na halartar bikin Kirsimeti a majami'ar Fasto Yohanna Buru, wato Christ Evangelical and Life Intervention Ministry da ke Sabon Tasha, shi ma yana zuwa tarukan Maulidi. Wasu na yabawa, wasu na suka, amma abin lura shi ne baƙin suna zuwa a matsayinsu na Musulmi, su koma a matsayinsu na Musulmi, kuma kowa ya san da haka tun kafin a zauna.

Abin da wannan saɓani ke nufi ga mai gayyata shi ne kada ya ɗauki ƙin zuwa a matsayin ƙiyayya. Abokin da ya ce ba zai shiga coci ba amma zai zo gida da yamma, ko zai aiko yara su karɓi abinci, bai yanke zumunci ba. Iyakar da fahimtarsa ta ba shi ce ya tsaya a kai.

Daga coci zuwa akushi

A gaskiya yawancin tarbar baƙi ta Kirsimeti a ƙasar Hausa ba a cikin coci ake yin ta ba. A tsakar gida ake yi, da kuma a kan hanya, inda yara ke kai kwanukan shinkafa da miya da cincin gidajen maƙwabta, kamar yadda su ma ake kawo musu tuwon sallah da naman layya.

A nan ma akwai abin da aka daɗe da warwarewa ba tare da taro ba. Gidajen Kiristoci da yawa kan kira maƙwabci Musulmi ya yanka musu kaji, zabbi ko akuya, don kowa ya ci hankali kwance. Majami'un da suka fito daga SIM kuma tun asali suna hana mabiyansu shan giya, abin da Musulmi da yawa ba su sani ba. Baƙon da ke da shakka ya tambaya, domin matambayi ba ya ɓata, kuma mai gida ya fi son a tambaye shi da a bar masa abinci a kwano.

Idan lokacin salla ya yi baƙo na gidan, buta da tabarma da nuna masa gabas sun fi duk wata doguwar magana kan zaman lafiya.

Idan kai ne baƙon

Masu karanta wannan daga Legas, Accra, Tripoli, Paris ko New York sun san ɗaya gefen labarin. Wanda ya bar Sarkin Yamma inda kiran salla ke tashinsa da asuba, ya sauka a garin da sai ya shiga mota kafin ya samu masallacin Juma'a, ya ɗanɗani abin da Kiristan ƙauyen Maraɗi ke ji duk shekara. Ya san daɗin da ake ji idan wani ya matsa ya ba shi wuri, ya kuma san zafin a bi shi da kallo.

Ga wanda ya yanke shawarar amsa gayyata, abubuwan kiyayewa kaɗan ne. Ya sa tufafin da zai sa zuwa ɗaurin aure. Ya tambayi lokacin farawa da na tashi. Ya faɗa wa wanda ya gayyace shi tun da wuri idan ba ya so a tashe shi tsaye ko a ɗauke shi hoto. Ya kashe ƙarar wayarsa, kuma shi ma kada ya ɗauki hoton mutane suna ibada ya watsa. Idan ya ji abin da bai yarda da shi ba, ba wurin muhawara ba ne, ya bari sai sun koma gida shi da abokinsa.

Ga majami'ar kuma, awon nasararta ba ya cikin yawan waɗanda suka miƙe aka tafa musu. Mako guda bayan Kirsimeti akwai sujadar shiga sabuwar shekara, bayanta kuma Lahadi ce irin ta kullum, babu anko babu shinkafa. Malamin makarantar da aka turo daga nesa zai dawo ne idan wani ya riƙe sunansa. Maƙwabcin da ya zo don zumunci wataƙila ba zai sake shiga ba, amma shi ne zai ba da labari a majalisar shayi cewa ya je ya gani da idonsa, an karɓe shi da mutunci, ba wanda ya zagi addininsa. A garin da jita-jita ta taɓa sa aka ɗauki fetur da ashana, irin wannan shaida tana da amfani ranar da wani zai taso da wata sabuwar magana.